Fentin da Muka Kankare a Keken Baba

Matso kusa, ja bambar ɗin nan ka zauna. Gajeriyar kujera ce, igiyarta ta saki, amma ba ta taɓa kayar da baƙo ba. Akwai wata magana da take ci mini rai. Na faɗa wa maƙwabta sun yi dariya, na faɗa wa yayana ya ce in bar shi ya sha shayinsa da zafinsa. Kai da ba ka san mu ba, wataƙila kai ne za ka gane inda muka ɓace.

Maganar keke ce, keken mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Yaran yanzu ajala suke cewa, yadda Larabawan gari suke faɗa, amma a gidanmu keke ne, Baba bai taɓa yarda an canja masa suna ba. Ƙauyenmu yana bakin kogi, tsakanin Sinja da Abu Hujar, kuma tun da na yi wayo nake ganin keken nan a jingine jikin ginshiƙin rakuba, rumfar da muke zama a tsakar gida. Ya sha canja riga, amma in na rufe ido kore nake ganinsa. Ba koren ganye ba, wani kore mai duhu irin na ƙofar masallaci. Kore daga sama har ƙasa, har ƙaho, har ƙararrawa. Tayoyi da sirdi ne kawai suka tsira.

Ni ba mai fita ba ce. Aurena ma a bayan katangarmu aka yi shi, da maigidana ya rasu na tsallako na dawo ɗakin da aka haife ni. Makaranta ban yi nisa ba, abin da na samu dai ya ishe ni in karanta wasiƙa. Amma kunne kam, alhamdu lillahi. Ina cikin madafa, hayaƙi a idona, nakan san Baba ya shigo lungunmu tun kafin kaji su watse. Sarƙar keken tana da wani ɗan tari, ƙyat, ƙyat, ita kuma ƙararrawa tun da fenti ya cika mata ciki ba ta ƙara yin ƙara ba, sai dai tuk, kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya. Da na ji tuk sai in ɗora ruwan jabana, gahawar da muke sha.

Baba yana da wata ɗabi'a. Ba a buɗe gwangwanin fenti a unguwarmu kekensa bai samu rabonsa ba. In ana biki an shafa wa tagogi, ragowar ta keke ce. In wani zai dawo daga Hajji ana gyara masa ƙofa, Baba yana tsaye da tsumma yana jiran gindin gwangwani. Kuma ba ya kankare na da, a kai yake ɗorawa. Mukan tsokane shi mu ce keken ya fi mu samun kayan Sallah. Sai ya ce, "Ku ai ba ku tsatsa."

Bayan rasuwarsa ba wanda ya hau. Muka bar shi inda ya saba tsayawa, kaji suna hawa sirdin suna sauka. Shekaru suka wuce a haka, har tsufa ya fara taɓa kan Inna, mahaifiyarmu. Ba hauka ba ne, kada ka ɗauka haka. Sallarta ba ta kuskure, ta san muryata, ta san in gishiri ya yi kaɗan a miya. Sai dai kwanakinta sun cakuɗe. Da safe ta san Baba ya rasu, har takan yi masa addu'a. Da la'asar kuwa yana hawasha, gonarsa ta bakin tur'a inda ruwan noma yake bi, kuma ya kusa dawowa.

Wata la'asar ta dube ni daga kan angarib, gadon igiyar da take wuni a kai, ta ce, "Ke, ina keken Malam?" Haka take kiransa, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Na ce, "Ga shi nan gabanki, Inna."

Ta juya ta ƙare masa kallo. "Wanga?"

"Shi."

"Wanga kwaɗon? Wa ya kawo muna shi? Na Malam ƙafafunsa na gaba farare ne tas, suna walƙiya. In ya taho, tun daga nesa ake ganinsa."

Na yi dariya, don kwaɗon ya ba ni dariya, na ce ai tun ina yarinya ban taɓa ganin wani abu mai walƙiya a jikin keken nan ba. Ta yi mini irin kallon da take yi mini in na ƙona kisra, wainar dawar nan mai faɗi da muke ci da miya. Ta ce an sace, an musanya, mu kuma muna zaune kamar tumaki. Na ɗauka zuwa safe ta manta. Ta manta ɗin kuwa, amma da la'asar ta sake yi sai maganar ta dawo, kuma daga ranar ba ta ƙara tafiya ba.

Abin ya wuce dariya. In na kawo mata kisra da miyar kuɓewa sai ta ture akushin ta ce, "Ina zan ci, mutum yana can ba abin hawa?" Wuyanta ya fara ramewa, zoben hannunta ya fara juyawa da kansa. Sannan wata rana ina shanya, na waiwayo angarib ba kowa. Wata maƙwabciyarmu ce ta dawo da ita, ta same ta a kan gaɓar tur'a, takalmi ɗaya a ƙafa, laka har ƙauri, tana leƙa ruwa wai ko ɓarayin sun jefa keken a ciki. Tur'ar a cike take a lokacin.

Yayana yana gida a wannan lokacin. Shi a Khartum ya yi zamansa, yana da ɗan shago, da yaƙi ya ɓarke ya kwaso iyalinsa ya dawo. Mutum ne da bai iya zama ba. Tun da ya zo ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya canja wa tulun ruwa wuri ya fi a ƙirga. Da ya ji labarin tur'a sai ya tsuguna gaban keken, ya ciro mabuɗi daga aljihu ya fara ƙarzar ƙasan ƙarfen nan biyu da suke riƙe tayar gaba. Na ce, "Yaya, me keken ya yi maka?" Ya ci gaba da aikinsa. Ya ƙarza, ya hure, ya ƙarza, sai ya ce, "Ke, zo ki gani."

Wani ɗan wuri ne da bai kai ƙwayar dawa ba, can ƙarƙashin fentin. Yana ƙyalli kamar idon kifi.

Ya ce, "Nikal ne, wallahi nikal. Tsohuwar nan gaskiyarta."

Ban san me ya sa ba, ban yi murna ba. Duk shekarun nan ina share ƙasan keken nan, ina kore kaji daga kansa, ashe ban san shi ba. Wadda muke cewa ta ruɗe ita ta san shi.

Yaya ya ce abin mai sauƙi ne. A cire ƙarfen, a kankare, a mayar, Inna ta ga keken mijinta ta ci abinci. Ya tura shi kasuwa wajen wani dattijo mai gyaran kekuna wanda ya san Baba tun suna samari. Ya dawo da keken a kan amalanken jaki ba kai, ƙarfen kuma a hannunsa daban. Magas suke ce masa, wai don ya yi kama da almakashi, ko da yake ni a idona ya fi kama da gwafar da ake tokare reshen mangwaro da ita. Dattijon ya ba shi kwalbar tinar, ruwan nan mai wari da ake tsinka fenti da shi, ya kuma ja masa kunne kada ya kusanto da sanfara, takardar yashin nan, ko wani abu mai kaushi, don nikal fata ce siririya a kan ƙarfe. Yaya ya tambaye shi me ya sa Baba ya rufe abu mai kyau haka. Dattijon ya ce, "Lakar hawasha mana. Wanda bai shafa ba tsatsa ta ci." Na ji wannan na ce to, magana ta ƙare.

Muka shimfiɗa buhu a ƙarƙashin darbejiya, bayan ɗaki, inda Inna ba ta gani. Yaya ya hau kan katanga neman sabis na waya, ya sauko da wani bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne da safar hannu, a ɗaki mai tsabta kamar asibiti, ya shafa wani farin abu, fenti ya tashi da kansa kamar fatar madara. Na ce, "To ina namu farin abin?" Ya ce ko a Sinja babu. Na ce, "Safar hannun fa?" Ya ce in yi masa shiru.

Abin da muka yi shi ne, muka jiƙa tsummoki da tinar, muka naɗe ƙarfen kamar mai karaya, muka sa a leda muka ɗaure, muka ajiye a inuwa. Warin ya cika gida. Zakaranmu ya zo ya leƙa, ya koma yana tafiya a karkace. Inna daga rakuba tana tambaya wa yake dafa magani. Da muka kwance, koren ya yi laushi ya tattare kamar fatar hannun wadda ta wuni tana wanki. Yaya ya ɗauko wuƙa, na ce dattijo ya hana. Na shiga madafa na ɗauko sakaina, ɓallin tsohuwar ƙwarya, na goga bakinta a dutse. Ita ba ta cizon ƙarfe. Na sa na tura, koren ya naɗo ya faɗo kan buhu.

A ƙarƙashinsa shuɗi ne.

Na tsaya da sakaina a hannu. Na san shuɗin nan. Na tagogin bikin Yaya ne, shekarar da aka kawo amaryarsa ruwa ya tsuge aka kwashe tabarmi da gudu. Na ce, "Yaya, ga aurenka." Ya ce, "Kankare shi, ai matar tana nan." A ƙarƙashin shuɗin akwai wani rawaya da muka yi ta gardama a kansa, ni na ce na ƙofar kakarmu ne, shi ya ce na shagon wani maƙwabci ne da ya tashi tuntuni. Har yau ba mu daidaita ba. Daga nan sai wani ja mai duhu irin wanda ake shafa wa ƙofofin ruwa na tur'a, wannan kam ba mu san shi ba ko kaɗan, ya girme mu.

Aikin bai tafi da sauri ba. Kowane launi sai an sake naɗewa, an sake jira. Yatsuna suka yi fari suka tsage, in na taɓa lemun tsami sai in yi tsalle. Kuma ban san lokacin da na fara ba, sai na ga ina tsince ɓawon fentin daga kan buhu ina zubawa a wani tsohon gwangwanin tumatir. Yaya ya ce, "Miya za ki yi da shi?" Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa masa, ban sani ba. Kawai dai in iska ta ɗauki ɓallin koren nan ta yi bayan gida da shi sai in ji kamar wani abu na Baba aka share. Mun zauna ne don mu nemo wa Inna mijinta, ni kuma kowace tura sakaina sai in ga nawa uban yana raguwa. Wanne ne keken gaskiya, na ciki ko na waje? Na tambayi Yaya, ya ce tinar ce ta hau mini kai, in matsa inda iska take.

Dukanmu mun yi ɓarna, kada in ɓoye maka. Jan nan ya ƙi tashi a wani lungu, Yaya ya tafi sallah, ni kuma na ga ai ba yau na fara fitar da baƙi daga ƙarfe ba. Na ɗebo yashin kogi da soson waya, yadda nake yi wa gindin tukunya, na dirje wurin da ƙarfina. Fentin ya fita, amma ya bar zane-zane kamar kyanwa ta yi yaƙushi. Da ya dawo ya riƙe kai. "Ke, tukunyar wake kika samu?" Washegari shi kuma ya ce a bidiyo ya ga zafi yana tayar da fenti, ya kanga ɗaya ƙafar a kan garwashin da nake gasa bunnu, 'ya'yan gahawa. Ya tashi kam, amma wurin ya yi wani ruwan ɗorawa da bai goge ba har yau. Na ce, "Yaya, masara ka samu?" Muka yi kunnen doki, kowa da tabonsa, kowa a ƙafarsa.

A ƙarshe muka iso baƙi. Wannan ba fenti ba ne. Tinar ta taɓa shi ya yi danƙo kawai, ya ƙi naɗowa. Na kai hanci na ce, "Wannan ai kwalta ce, irin wadda masunta suke toshe jirgi da ita." An shafa ta da kauri, ba kyau, wani wuri tudu wani wuri kwari, kuma ana ganin layi-layi sirara a jiki kamar da gashin kaza aka ja. Baba ba ya aiki haka. Ko da tsumma yake shafa fenti, a hankali yake bi. Wannan aikin mai sauri ne.

A can sama, kusa da inda ƙafafun biyu suka haɗu, na ga sawun yatsa. Babban yatsa ne, ya nutse cikin kwaltar tun tana ɗanya, har zanen fatar ana gani. Ƙarami ne. Na ɗora nawa a kai, ya kusa daidai. Na buɗe baki zan ce Yaya dakata, shi kuma ya riga ya jiƙa tsumma da kananzir, don ya gano ita ce take narkar da kwalta. Shafa ɗaya ya yi. Ya ce, "Me kika ce?" Na ce ba komai.

Kananzir ta wanke baƙin, sai ga abin ya fito. Daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa ƙasa fari ne ƙal, sai kuma kafaɗar sama. Na ga fuskata a ciki, doguwa, hancina kamar na raƙumi. Amma tsakanin sama da ƙasan ƙarfe ne kawai mai ruwan toka, ba ƙyalli. Muka tsorata, muka ce mun cinye nikal ɗin da tinar. Yaya ya koma wajen dattijo da saurinsa, dattijo ya yi dariya ya ce haka ake ƙera su, iyakar inda ido yake faɗawa ake yi wa ado. Ya ce ɗigon tsatsar da ya rage a goge da takardar gwal ɗin nan ta cikin kwalin sigari, a jiƙa ta da ruwa. Ba mai shan sigari a gidanmu, sai da Yaya ya bi shaguna yana roƙo, mutane suna cewa ashe Khartum ta lalata shi.

Aka mayar da ƙarfen. Ka ga keken kuwa? Jiki kore, tsoho, duk ƙura, ƙafafun gaba suna ƙyalli, kamar dattijon da ya ari takalmin ango. Ni kunya ma ya ba ni.

Muka jira la'asar. Inna tana kan angarib, ta fara waige-waigen nan nata, na san tambayar tana hanya. Yaya ya turo keken daga bayan ɗaki, sarƙar tana tarinta, ƙyat, ƙyat. Rana ta karkata, ta bugi ƙarfen, hasken ya yi tsalle ya hau bango, ya gangaro ya sauka a kan fuskarta. Ta kare ido da hannu. Sannan ta sauke hannun a hankali.

Ta ce, "Ga shi."

Ba da mu take ba, mu ba ma wurin. Ta tashi zaune da kanta, ba tare da na riƙe ta ba. Ta ce ranar da ta fara ganinsa suna tsinkar auduga, ita da 'yan'uwanta mata, sai wani abu ya haska daga ƙetaren tur'a. Suka ɗauka madubi wani yake wasa da shi. Ashe wani saurayi ne ya sayo keke daga Makwar, kuma hanyar gonarsu ba ta nan ba ce, amma kullum sai ya bi ta nan. Ta ce, "Ya iya hawa? Ina! Rabin hanya turawa yake." Ta yi dariya, wata irin dariya da ban taɓa ji a bakinta ba, ta yarinya, har da rufe baki da gefen mayafi. Sannan ta dube ni ta ce, "Ke, ba a cin abinci a gidan nan?"

Na ruga madafa ina hawaye ina zuba miya. Ta ci. Ta cinye kisrar, ta suɗe yatsa, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Yaya ya juya baya yana gyara tulun da ba abin da ya same shi.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban kira ka ba.

Maƙwabciyar nan da ta tsamo ta daga bakin tur'a ta shigo aron rariya. Mace ce mai kirki, amma bakinta yana riga tunaninta. Ta yi turus a tsakar gida ta ce, "Kai! Wannan keken wa? Ji wani kyau, ji ƙyalli, kamar yau aka sayo!"

Inna ta saki ƙara. Ban san tana da sauran murya haka ba. Ta fizge mayafin kanta ta jefa wa keken, bai kai ba, ya faɗi ƙasa. "Ku rufe! Ku rufe shi! Ba ta ce masha Allahu ba!" Matar ta rikice tana ta jera masha Allahu, tabarakallah, amma ina. Inna tana ta cewa, "Wa ya tone shi? Wa ya tone mini shi? So kuke ku kashe shi?"

Na rungume ta, Yaya ya yafa wa keken buhu, maƙwabciya ta fita ba rariya. A jikina, tana haki, ta ba da sauran labarin, guntu-guntu. Bayan aurensu ba da daɗewa ba Baba ya hau keken zuwa kasuwar Sinja. Mutane suka kewaye shi, wannan ya shafa, wancan ya duba haƙoransa a ciki, kowa yana yabo, ba wanda ya ambaci Allah. A hanyar dawowa ya faɗi, aka kawo shi gida a kan jaki, zazzaɓi ya kwantar da shi har aka gama tsinkar audugar shekarar. Uwarsa ta ce kambun baka ne, kuma a ƙarfen nan ya sauka. Yana kwance bai san inda yake ba, ita Inna, amarya, ta je wajen masunta ta roƙo kwalta, ta fige gashin kaza, ta rufe hasken da hannunta. Ta ce, "Da na rufe ya tashi. Tun daga nan ba ido da ya sake ganinsa. Na ce masa kada ya bari ya buɗe, bai bari ba."

Sai na tuna sawun yatsan nan, da Baba tsaye da tsumma yana jiran gindin gwangwani. Ku ai ba ku tsatsa. Na dubi Yaya, ya dubi ƙasa.

Daga baya, muna wanke hannu da kananzir, ya ce mini shi ba haka ya ji ba. Wai Baba ya taɓa faɗa masa, suna hanyar gona, cewa wasu mutane sun tare shi a kan keken nan suna tambayar inda Bafallace ɗan ƙwadago, yadda Larabawa suke kiran irinmu, ya samo keke irin wannan, suka riƙe shi har rana ta faɗi. Daga ranar ya gane gara abin mutum ya yi kama da na kowa. Na ce, "To wanne ne? Laka, ko baki, ko masu tare hanya?" Ya ce, "Wanda ya sani yana maƙabarta." Na ce Inna fa? Ya ce Inna ta san nata.

Ga yadda muke yanzu. Keken yana jikin ginshiƙinsa, na lulluɓe gabansa da wani tsohon zane. In la'asar ta yi ta fara waige-waige, sai in tura ƙofar gida in sa sakata, in ɗage zanen. Ta gani, fuskarta ta buɗe, ta ce ga shi, wani lokaci ta sake ba ni labarin madubin ƙetaren tur'a kamar ban taɓa ji ba. In kawo abinci ta ci. Ba ta sake fita ba, zoben ma ya daina juyawa. Amma kafin ta gama suɗe hannu sai tsoron ya zo. Ta fara kallon katanga, ko wani yana leƙe. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ki shafa masa baƙi kafin a gani. Ki yi mini alkawari." In ce gobe, Inna. Wata rana har kuka take yi, ta ce in wani abu ya sami Malam mu ne. Ni da ban saba yi mata ƙarya ba, ga shi kullum sai na yi mata ɗaya.

Yaya ya gaji. Ya ce shi ba zai iya kallon tsohuwa tana kuka kowace yamma ba, ya je ya sayo ƙaramin gwangwanin fenti, kore, ya ajiye kusa da tulu ya ce ni ce mai zama da ita, in yanke shawara. Dattijon kasuwa kuma ya aiko cewa damina ta kusa, ƙarfen tsakiyar nan da ba nikal ba zai jure ba. Gaskiyarsa, na ga ja-ja ya fara fitowa, har a inda na dirje da yashi. In na shafa, na cika mata alkawari, tsoron ya kwanta, ni ma in samu keken da na sani. Amma gobe da la'asar za ta dubi kwaɗo ta ce an sace, ta ture akushi, ta nemi hanyar tur'a. In ban shafa ba, za ta ci, za ta yi dariyar nan, sannan ta kwana da fargabar an kashe mata miji saboda abin da muka tone.

Jiya na buɗe gwangwanin, na juya shi da tsinke, har na tsinci gashin kaza a bakin akurki. Sai na ji ta tana gyara murya a rakuba, na mayar da murfin. Ɗayan gwangwanin, na ɓawon fenti, yana ƙarƙashin gadona, shi ma ban san abin da zan yi da shi ba.

Inuwar darbejiya ta fara kaiwa bakin madafa, yanzu za ta tambaya. Kai da ka zauna ka ji duka, in mahaifiyarka ce, kuma gashin kazar yana hannunka, za ka shafa ko za ka ɗage zanen?